Allurar Sinawa da ciwon bayan da hoto bai gani ba

Shekara uku da rabi na yi ina fama da ciwon baya, ciwon da yakan tashe ni tun kafin gari ya waye kamar an ɗaure min igiya daga ƙugu zuwa allon kafaɗar dama, ya yini yana ƙara tamkewa, har zuwa dare ya zama ko takalmi ba na iya sunkuyawa in cire sai na dafa bango. An ɗauki hoton ƙashina, an shigar da ni na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu har sau biyu, an auna jinina ta kowace fuska, kuma duk abin da aka samu bai wuce ɗan bullin faifan guringuntsi guda ɗaya a tsakanin ƙasusuwan ƙugu ba, wanda likitan ƙashi ya ce bai isa ya haddasa irin wannan azaba ba. Likita na uku da na gani ya ajiye takardun gefe, ya dube ni, ya ce: "Malam, ko akwai abin da ke damunka a rai?" Na fito daga ofishinsa raina a ɓace, domin abin da kunnena ya jiyo shi ne ana ce min ƙirƙirar ciwon nake yi, alhali kuwa ni kaɗai na san yadda nake kwana.

Sai da aka daɗe na gane cewa tambayar tasa tana kan hanya, ni ne ban shirya jin ta ba. Ɗan bullin da aka gani a bayana abu ne da ake samu a jikin masu lafiya ƙalau. Wani nazari da aka wallafa a shekarar 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutane sama da 3,000 da ba su jin ciwon komai, ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da irin wannan bulli, a wajen 'yan shekara 80 kuwa adadin ya haura kashi 80. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya ma, a ma'anar da ta sabunta a 2020, ta ce ciwo abu ne da ya haɗa jin jiki da jin rai, kuma yana iya zuwa da kamannin rauni ko da babu raunin. Idan ciwo ya wuce wata uku ana lasafta shi cikin mai daɗewa, kuma a irin wannan hali laka da ƙwaƙwalwa sukan koyi tsorata, su riƙa kururuta saƙon da a da ba za su kula da shi ba, tamkar mai gadin da ɓarayi suka taɓa firgitawa, wanda daga ranar ko kyanwa ce ta gifta sai ya busa usur. Baƙin ciki da fargaba da rashin barci da fushin da aka haɗiye duk suna ƙara wa wannan mai gadi firgici.

Yayata ce ta fara haɗa min lissafin da na ƙi haɗawa. Ta ce: "Ƙanena, ka tuna lokacin da bayan nan ya fara? Wata biyu ne bayan rasuwar Baba." Ni ne na yi jinyar mahaifinmu kusan shekara biyu, ina ɗaga shi ina kwantarwa, kuma a duk tsawon wannan lokaci bayana bai taɓa yi min gardama ba. Sai da nauyin ya sauka, aka share hawaye, kowa ya koma harkarsa, sannan ciwon ya fara. A wajen aiki kuma ina cikin wata taƙaddama da shugabana, wadda na riƙa haɗiyewa ina murmushi. Na ce mata: "Yaya, ai wannan dacewa ce kawai." Ba ta ja da ni ba, sai dai ta ba ni shawarar in gwada wata likitar gargajiyar Sin mai aikin allura, abin da ake kira akufanca, kuma na yarda ne don kawai magungunan kashe zafi sun fara ƙona min ciki ba tare da sun taɓa ciwon ba.

Zaman farko ya ɗauki fiye da awa ɗaya, kuma rabinsa tambayoyi ne. Likitar, dattijuwa ce mai magana a hankali, ta sa na fito da harshena ta duba launinsa da gefunansa da farin da ke kansa, sannan ta ɗora yatsu uku a kan jijiyar wuyan hannuna na dama, ta danna sama-sama, ta danna da ƙarfi, ta koma na hagu ta yi haka. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake farkawa cikin dare, ko bakina yakan yi ɗaci da safe, ko cikina yakan kumbura idan raina ya ɓaci, ko nakan ji kamar wani abu ya tokare min maƙogwaro. Daga nan ta yi tambayar da ta sa na yi shiru: "Malam, kana yawan ajiyar zuciya?" Matata ta sha yi min magana a kan wannan ajiyar zuciya, ni kuwa ban taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Likitar ta ce bugun jijiyata a miƙe yake, a tamke kamar tsirkiya, kuma a ilminsu wannan alama ce ta abin da suke kira cushewar qi na hanta.

Qi, da ake furtawa "chi", shi ne ƙarfin rai da likitancin gargajiyar Sin ya ce yana zagaya jiki ta manyan magudanai 12, kuma a kan waɗannan magudanai da wasu biyu na tsakiyar jiki ne aka jera wurare 361 da aka saba soka allura. Suna da wata magana da kowane ɗalibinsu ya haddace, cewa inda abu ke gudana babu ciwo, inda ya tsaya nan ciwo yake. Tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya danganta kowane motsin rai da wata gaɓa ta ciki: fushi yana cutar da hanta, baƙin ciki yana cutar da huhu, tsoro yana cutar da ƙoda, yawan tunani yana cutar da saifa, farin cikin da ya wuce kima kuma yana cutar da zuciya. Hantar da suke nufi ta sha bamban da wadda likitan asibiti ke aunawa a jini, domin a wajensu suna ne na wani aiki, wato aikin sa komai ya gudana cikin sauƙi, kuma idan mutum ya danne fushi ko takaici na tsawon lokaci wannan aiki ne ke tsayawa.

Ban yarda akwai waɗannan magudanai ba a lokacin, kuma har yau ban yarda ba, tunda babu mai fiɗa ko mai na'urar hangen ƙananan abubuwa da ya taɓa nuna su. Amma abin da ya faru da ni a kujerar nan ya cancanci a tsaya a kansa. Likitan asibiti da wannan dattijuwa magana ɗaya suka faɗa min, cewa damuwata tana da hannu a ciwona, sai dai shi da ya faɗa na ji an tuhume ni, ita kuwa da ta faɗa na ji an gano cutata. Dalili shi ne a tsarinta babu katanga tsakanin rai da jiki, saboda haka fushin da na haɗiye ya zama abu mai mazauni a jikina, mai suna, mai magani, kamar kowace cuta, ba wani rauni na hali da zan ji kunyarsa ba. Kafin in ankara na ba ta labarin Baba da na ofis, abin da ban taɓa zama na faɗa wa kowa daga farko har ƙarshe ba. Daga baya na karanta aikin Arthur Kleinman, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka da ya yi bincike a lardin Hunan na ƙasar Sin a 1980, inda ya duba marasa lafiya 100 da aka ce suna da raunin jijiyoyi, masu kukan ciwon kai da kasala da rashin barci, ya tarar 87 daga cikinsu sun cika sharuɗɗan ciwon damuwa mai tsanani. Mutanen sun zo da kukan jiki ne domin shi ne kukan da ake saurara ba tare da an yi wa mai shi wani kallo ba, kuma da na karanta sai na ga kaina a cikinsu.

Alluran kansu sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai fi rubu'in milimita ba, kowace a cikin ledarta, ana buɗe ta a gabanka a kuma jefar da ita bayan an gama. Na zaci a bayana za a soka su duka, sai na ga ta fara da hannu, a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, wurin da suke kira Hegu, sannan ta koma bayan ƙafa tsakanin babban yatsa da mai bi masa, wato Taichong. Waɗannan wurare, hagu da dama, su ne suke kira ƙofofi huɗu, kuma da su aka saba fara jinyar mai irin cushewar da ta ce ina da ita. Ta ƙara ɗaya a ƙasan gwiwa, ɗaya a tsakanin girana, sauran kuma a gefen ƙashin baya bayan na juya na kwanta a kan gefena. Shigar allurar ba ta kai cizon sauro ba, amma idan ta ɗan murza ta sai in ji wani nauyi mai tsami yana yaɗuwa a cikin tsokar, wanda suke kira deqi, kuma shi take jira kafin ta saki. Ta rage haske, ta ce kada in motsa, ta fita ta bar ni minti 25. Na daɗe rabona da in kwanta shiru babu waya a hannu, babu wanda nake jira ya kira ni, kuma wajen minti na goma sai na ji hawaye na bin gefen fuskata ba tare da na san takamaiman abin da nake yi wa kuka ba. A daren nan na yi barcin awa bakwai a jere.

Ciwon bai tafi ba washegari, amma ya sassauta na kwana biyu kafin ya dawo, kuma bayan zama na biyar ko na shida sassaucin ya fara kaiwa mako. Da yake ni mutum ne mai son sanin dalilin abu, sai na shiga karanta abin da masu bincike suka gano, kuma abin da na tarar ya fi abin da masu yabo da masu kushe suke faɗa sarƙaƙiya. Tun a shekarun 1970, bayan ɗan jaridar New York Times James Reston ya rubuta yadda aka yi masa allura don rage zafi bayan tiyatar da aka yi masa a Beijing a 1971, masana irin su Han Jisheng a Beijing da Bruce Pomeranz a Toronto suka nuna cewa sokar allura tana sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi, waɗanda ake kira endofin. Wannan ya tabbatar da cewa wani abu na faruwa a jijiyoyi, amma bai tabbatar da cewa sai an soka a wurin da littafi ya ce ba.

Babban gwajin da aka yi a Jamus a kan ciwon baya mai daɗewa, wanda aka wallafa a 2007, ya raba marasa lafiya 1,162 gida uku. Waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sinawa, kusan kashi 48 cikin 100 sun samu sauƙi bayan wata shida. Waɗanda aka soka wa allura sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Waɗanda aka bari a kan magunguna da gashi da motsa jiki irin na asibiti kuwa, kashi 27 kacal. Mai kushe zai ce ga shi nan, ta gaske da ta bogi duk ɗaya ne, mai yabo kuma zai ce ga shi nan, ta kusa ninka maganin asibiti, kuma kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Nazarin da Andrew Vickers da abokan aikinsa suka sabunta a 2018, wanda ya haɗa bayanan mutane sama da 20,000 daga gwaje-gwaje 39, ya samu cewa allurar gaske ta ɗan fi ta bogi, amma ratar ƙarama ce idan aka kwatanta da ratar da ke tsakanin yin allura da rashin yin ta, kuma yawancin sauƙin yana nan bayan shekara guda.

Binciken da ya fi ba ni haske a kan abin da ya same ni shi ne na Ted Kaptchuk na jami'ar Harvard a 2008, a kan masu ciwon hanjin da damuwa ke tayarwa. Duk allurar da aka yi a gwajin ta bogi ce, irin wadda ke komawa cikin mariƙinta ba ta huda fata. Waɗanda aka bari suna jira, kashi 28 cikin 100 suka ce sun samu isasshen sauƙi. Waɗanda aka yi wa allurar bogi ba tare da hira ba, kashi 44. Waɗanda kuma mai allurar ya zauna da su, ya saurare su cikin kulawa, ya tambayi yadda ciwon ya shafi rayuwarsu, kashi 62. Ban ɗauki wannan a matsayin tonon asirin akufanca ba. A ganina ya nuna cewa ga ciwon da ƙwaƙwalwa mai firgici ke rurutawa, sauraro da taɓawa da kwanciyar rabin awa cikin aminci suna cikin maganin kansa, kuma likitancin Sin ya gina su a cikin kowane zama, yayin da asibitin zamani mai minti goma ga kowane mara lafiya ya yar da su a hanya. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta kai ga matsaya mai kama da wannan a 2021, inda ta ce ga ciwo mai daɗewa da ba a samo masa wata cuta a ƙarƙashi ba, kada a fara ba da magungunan kashe zafi irin su farasitamol da dangin ofiyom, a maimakon haka a yi motsa jiki, a yi jinyar magana da masanin halayyar ɗan Adam, kuma ana iya yin zagaye ɗaya na allura wanda jimillarsa ba ta wuce awa biyar ba. Wannan iyaka ta awa biyar ta burge ni, domin tana nufin abu ne da ake shiga a fita, ba wurin da za a tare ba.

Ɓangaren saiwoyi da ganyaye kuwa ban daɗe a cikinsa ba. Likitar ta ba ni wani haɗi da ake kira Xiao Yao San, wanda ya samo asali tun zamanin daular Song ta ƙasar Sin, kuma shi ne sanannen maganinsu na cushewar qi na hanta. A cikinsa akwai saiwar chai hu da dang gui da gan cao da citta da na'ana'a da wasu. Na nuna wa likitana na asibiti jerin abubuwan da ke ciki, sai ya ja hankalina cewa gan cao, wata saiwa mai zaƙi, tana iya hawar da jini ta kuma rage sinadarin fotasiyam idan aka daɗe ana sha, ni kuwa dama jinina yana kan iyaka, saboda haka na daina bayan mako biyu, kuma da na gaya wa mai allurar ba ta nuna ɓacin rai ba. Dang gui ma yana iya ƙara ƙarfin maganin tsinka jini irin warfarin. Kalmar gargajiya ba ta wanke magani daga haɗari, kuma abin da ya faru a Beljiyam a farkon shekarun 1990 ya isa misali, lokacin da mata sama da 100 da ke shan wani haɗin rage ƙiba suka samu lalacewar ƙoda saboda an saka tsiron Aristolochia a madadin wani. Ita ma allurar, ko da yake haɗarinta kaɗan ne a hannun ƙwararre, tana iya huda huhu idan aka zurfafa ta a ƙirji ko saman baya, kuma allurar da aka maimaita amfani da ita tana iya yaɗa cutar hanta. Wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, asibiti ne wurinsa a ranar, kuma ni kaina ban je wajen allura ba sai da aka gama kawar da waɗannan.

Zama goma na yi, kuma babban abin da suka ba ni shi ne sarari. Da ciwon ya sauka daga inda yake cinye dukan tunanina, sai na samu ƙarfin halin yin abubuwan da na daɗe ina gudu: na koma tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum, na fara sunkuyawa in ɗauki abu ba tare da na riƙe numfashi ba, sannan na koma wajen likitan nan na uku na ba shi haƙuri, shi kuma ya tura ni ga wata masaniyar halayyar ɗan Adam. A wajenta na koyi lura da ciwon idan ya taso, in tuna wa kaina cewa bayana lafiyayye ne, in bar tsoron ya wuce ba tare da na ƙanƙame jikina ba. Irin wannan hanya an gwada ta a Boulder ta jihar Kolorado a Amurka a kan mutane 151 masu ciwon baya, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna kashi 66 cikin 100 na waɗanda suka bi ta sun rabu da ciwon ko sun kusa, alhali a cikin waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri, wadda babu magani a cikinta, kashi 20 ne, a cikin masu jinyar da aka saba kuma kashi 10. Da a ce tun farko aka tura ni can da ban je ba, domin a lokacin ko sunan damuwa ba na son ji, kuma dattijuwar nan da tambayarta ta ajiyar zuciya ce ta sa na iya jin sa.

A watan da Baba ya cika shekara biyar da rasuwa ciwon ya dawo, a daidai wurinsa na da, daga ƙugu zuwa allon kafaɗa. Na kira Yaya na gaya mata, ta ce: "Ka duba kwanan wata kuwa?" Na ce na duba. Muka yi kusan awa ɗaya muna hirar Baba, yadda yake ƙin shan magani sai an lallashe shi, da yadda yake kiran sunana cikin dare don kawai ya tabbatar ina nan. Da muka gama na sa takalmi na fita tafiyata, bayan yana ja ina tafiya, kuma a kwana na huɗu na farka na tarar ya saki.